Masu Gadin Taurari Da Rajistar Da Ba Ta Son Giɓi

A shekarar 2024 gidajen rediyo da jaridun duniya sun cika mana kunne da labarin wani tauraro mai suna T Coronae Borealis. Aka ce ga shi nan zai ɓarke, haskensa ya ninka har wanda bai saba ɗaga kai sama ba ya gan shi da ido. Ba da ka aka yi maganar ba, domin tauraron ya yi haka a 1866, ya sake a 1946, kuma masana sun ga alamu irin waɗanda suka gabaci ɓarkewar baya. Shekarar ta zo ta wuce, tauraro bai ce uffan ba. 'Yan jarida suka naɗe tabarmarsu suka koma ga wani labarin. Amma akwai mutanen da ba su tashi ba. Duk daren da sama ta yi garau sai su duba shi, su rubuta kwanan wata da sa'a da gwargwadon haskensa, ko da abin da za su rubuta yau shi ne suka rubuta jiya. A kan waɗannan mutane muke so mu yi magana. Ra'ayinmu shi ne, wannan aiki nasu mai kama da ɓata lokaci yana cikin ayyukan da suka fi tsada a fagen ilmi, kuma shi ne irin aikin da hukuma ta fi saurin yanke wa kuɗi idan aljihu ya yi zafi. Da yake a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe alƙalamin yanka zai shiga hannunsu, mun ga ya dace a yi maganar tun yanzu.

Bari mu fara da bayyana irin taurarin. Akwai wani jinsi da za mu kira taurari masu tunzuri. A madubin hangen nesa ɗigo ɗaya ake gani, amma a haƙiƙa tagwaye ne, suna kewaya juna kusa da kusa. Ɗaya tsohon tauraro ne wanda makamashinsa ya ƙare, ya tsuke har girmansa bai wuce na duniyarmu ba, alhali kuwa nauyinsa ya kusa na rana. Shi ake kira farin wada. Ɗayan tauraro ne ja mai sauran rai, wanda galibi bai kai ranarmu ba. Kusancinsu ya kai su gama zagaya juna cikin 'yan sa'o'i, abin da duniya take shekara guda kafin ta yi wa rana. Saboda wannan kusanci farin wada yana ta zuƙo iskar jikin abokinsa. Iskar ba ta faɗa masa kai tsaye, sai ta yi ta juyawa a kewayensa, ta shimfiɗu kamar faifai, ta yi zafi ta ba da haske. Yawancin hasken da ke iso mana daga faifan nan yake fitowa.

Wani Bature mai suna John Russell Hind ne ya fara cin karo da irinsu, a birnin Landan, cikin Disamba 1855. Yana neman ƙananan duwatsun da ke kewaya rana, sai ya ga tauraro a inda taswirarsa ta ce babu kome. Bayan 'yan kwanaki ya dushe. Shi ne U Geminorum, wanda kusan kowane kwana 100 yakan tunzura ya koma. A 1896 kuma wata ma'aikaciyar ɗakin nazarin taurari na Harvard a Amurka, Louisa Wells, ta gano SS Cygni a jikin hotunan gilashi. Masana suna auna hasken tauraro da matakai, kuma lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babban haske, kowane mataki ɗaya kuwa ninki biyu da rabi ne. SS Cygni yakan zauna a mataki na 12, sai cikin kwana guda ya haura zuwa na 8, watau haskensa ya ninka kamar sau 40. Ya yi mako ɗaya ko biyu a haka, sa'an nan ya sauka. Bayan kimanin kwana 50 ya maimaita. Tun daga 1896 ake gadinsa, an ƙirga masa tunzuri fiye da 800, kuma abin da masu gadin suke alfahari da shi shi ne babu ko ɗaya da ya kuɓuce musu.

Su wane ne masu gadin? Yawancinsu ba shaihunan malamai ba ne. A 1911 aka kafa ƙungiyar AAVSO a Amurka domin tattara rahotannin masu sha'awa, kuma yau taskarta tana ɗauke da awo fiye da miliyan 50. Albert Jones na Niyu Zilan, wanda ya rasu a 2013, shi kaɗai ya aika da fiye da dubu 500, duk da ƙwayar idonsa da madubin da ya haɗa da hannunsa. Danie Overbeek na Afirka ta Kudu ya wuce dubu 250. Har ila yau akwai Leslie Peltier na jihar Ohayo, wanda labarinsa ke da ban tausayi. Ya yi fiye da shekara 20 yana gadin T Coronae Borealis ɗin nan da muka ambata. A daren Fabrairu 1946 da tauraron ya ɓarke, mura ta kama shi, ya farka ya ga gara ya koma barci. Wasu ne suka gani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa aikin yake bukatar idanu da yawa a ƙasashe da yawa, domin mutum ɗaya yakan yi mura, gari ɗaya yakan yi hadari.

To, me ke kawo tunzurin? An daɗe ana gardama. Geoffrey Bath na Ingila ya ce jan tauraron ne yake amayar da iska mai yawa lokaci lokaci. Yoji Osaki na Japan kuwa, a 1974, ya ce abin daga faifan yake. Idan faifan yana da sanyi, iskar da ke zubowa ba ta gangarawa ciki, sai ta yi ta taruwa kamar ruwa a bayan shinge. Tana taruwa tana ɗumi, har ta kai wani zafi inda halinta yake sauyawa ɗungum. Nan take shingen ya ɓalle, abin da ya taru ya kwarara zuwa ga farin wada, faifan ya yi balbali. In ya zazzage abin da ke cikinsa sai ya huce, a koma tari. Wannan bayani ne ya rinjaya a wajen yawancin masana, kuma yana da wani sharaɗi da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk sauran maganarmu a kansa ta rataya. Sharaɗin shi ne: idan iskar da ke zubowa ta yi yawa ƙwarai, faifan ba zai taɓa hucewa ba. Zai zauna da zafinsa kullum kamar kogin da ba ya ƙafewa, babu shinge balle ɓallewa. Irin wannan tauraro bai kamata ya yi tunzuri ba sam.

A nan ne ƙaramin abu ya shigo ya dagula lissafi. A 1990 Kent Honeycutt na Jami'ar Indiyana da abokan aikinsa suka kafa wani madubi mai faɗin inci 16 kacal, suka sa masa suna RoboScope. Ba shi da girman da za a yi masa biki. Abin da ya bambanta shi shi ne yana aiki shi kaɗai: dare ya yi ya buɗe rufinsa, ya bi jerin taurarin da aka ba shi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hoton kowane, gari ya waye ya rufe. Haka yau, haka gobe, shekara da shekaru. A 1998 suka ba da rahoton abin da suka gani a taurari 5 daga cikin waɗanda ka'ida ta ce faifansu a zaune yake daram. Cikinsu akwai UU Aquarii, da Q Cygni wanda ya taɓa yin babbar ɓarkewa a 1876. Ashe suna tunzuri. Tsawon kwanakin abin kamar 10 ne, tazararsa ma ta yi kama da ta sauran, sai dai tashin hasken a matsakaici kimanin kashi 6 cikin 10 na mataki ɗaya ne, watau bai kai ko ninki biyu ba. Saboda haka suka kira shi tsumburarren tunzuri, kamar dawar da ta yi kai ba ta yi tsawo ba.

Ya kamata mu tsaya mu tambaya, me ya hana a gan shi tun da can, alhali waɗannan taurari ba ɓoyayyu ba ne, kuma manyan madubai sun sha kallonsu? Amsar tana cikin yadda ake rabon aiki. Babban madubi kamar babban likita ne, layi ake bi. Masani yakan rubuta takardar roƙo, a ba shi dare biyu ko uku a shekara. Cikin dare uku zai iya auna abubuwa masu zurfi, amma ba zai san ko tauraron yana cikin halinsa na kullum ko yana tsakiyar wani abu ba. Daɗin daɗawa, waɗannan taurari dama haskensu yana rawa kullum, ya ɗan hau ya ɗan sauka ba bisa tsari ba. Ƙaramin tashi na kwana 10 a cikin wannan rawa ba ya fita sai an jera awon shekaru a takarda ɗaya, an ga ya zo, ya tafi, ya dawo da siffa iri ɗaya. Darare ɗari na babu labari su ne suka ba dare goma na tunzuri ma'anarsu. Shi ya sa ma a rajistar AAVSO akwai gurbin rubuta cewa na duba ban gan shi ba, haskensa bai kai na tauraro kaza da ke kusa da shi ba. Wannan ma awo ne, kuma ana ajiye shi da daraja ɗaya da sauran.

Har yanzu masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba game da tsumburarren tunzuri. Wasu sun ce gefen faifan ne kawai yake hucewa ya tunzura, hasken tsakiya mai ƙarfi kuma ya danne shi har ya zama kamar ƙarami, kamar fitilar ƙwai a gindin fitilar titi. Wasu sun ce jan tauraron ne ke ƙara zubo da iska, maganar Bath ke nan ta dawo ta bayan gida. Ko wanne ya tabbata, ka'idar da aka koyar shekara da shekaru dole a yi mata gyara. Kuma kada a ɗauka abin ya tsaya ga 'yan taurarin nan. Irin wannan faifai shi ne ke kewaye da jarirai cikin taurari inda duniyoyi ke samuwa, shi ne kuma ke kewaye da baƙaƙen ramukan da ke tsakiyar manyan garken taurari. Can sauyi yakan ɗauki dubban shekaru, ba mai ran da zai jira. A taurari masu tunzuri kuwa cikin mako biyu an gama, ana kallo.

Ba sau ɗaya ba rajistar masu gadi ta gyara wa littafi zama. Akwai wani reshe na waɗannan taurari, dangin Z Camelopardalis, da sukan maƙale a tsakiyar hanya, haskensu ya tsaya cik na makonni ko watanni. An rubuta cewa ƙarshen wannan tsayuwa kullum sauka ce. A 2009 Mike Simonsen na AAVSO ya tara masu sha'awa su sa wa dangin ido, kuma a 2011 ya nuna cewa IW Andromedae da V513 Cassiopeiae sukan ƙare tsayuwarsu da ɗan tashi, sa'an nan su nutse. Yau an san taurari da dama masu wannan hali. Shi kansa SS Cygni, dattijon da aka ɗauka an gama saninsa, a 2021 ya rikice: ya ƙi komawa mazauninsa na ƙasa, ya yi ta ƙananan tunzuri a jere. Da me aka san cewa wannan baƙon abu ne? Da rajistar shekara 125 da ke bayansa.

Amma labarin da ya fi burge mu shi ne na nisansa. A 1999 aka auna nisan SS Cygni da madubin Hubble, wanda ke shawagi a sama kuma aka kashe masa dukiya mai ɗimbin yawa. Awon ya nuna tafiyar haske ta shekara 520 ko fiye. Wannan ya tayar da hankali, domin idan yana da wannan nisa kuma muna ganinsa da wannan haske, to lalle iskar da ke zuba cikin faifansa ta yi yawan da zai hana shi hucewa, kuma bisa sharaɗin da muka faɗa bai kamata ya tunzura ba. Ga shi kuwa yana yi kowane kwana 50 a gaban kowa. Ko dai ka'ida ta faɗi, ko awo ya kuskure. Hanyar sake awo ita ce ta manyan faya-fayan rediyo, amma tauraron ba ya fitar da igiyar rediyo mai ƙarfi sai a farkon tunzurinsa, kuma ba wanda ya san ranar. Sai James Miller-Jones da abokansa suka jingina da masu gadi. Da zarar wani a bayan gidansa ya ga haske ya fara hawa sai ya aika, a juya faya-fayan Amurka da na Turai su fuskanci wurin. A 2013 sakamako ya fito: shekara 370 ne da 'yan kai. Ka'ida ta tsira. Daga baya tauraron ɗan'adam na Gaia ya tabbatar da wannan awo.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce wannan tsohon yayi ne, yau injuna sun karɓi aikin. Akwai gaskiya a ciki, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Idon mutum ba ya iya rarrabe ɗan ƙaramin tashi a tauraro mai duhu, shi ya sa RoboScope, wanda inji ne, ya ga abin da idanu suka tsallake. Kumbon Kepler da aka harba a 2009 ya auna wasu taurari masu tunzuri minti bayan minti. Da kumbon TESS kuma aka ba da rahoto a 2022 na wata 'yar ɓarkewa ta sa'o'i kaɗan a TV Columbae da wasu biyu. Duk wannan ci gaba ne, muna maraba da shi. Sai dai a duba tsawon ransu. Kepler ya kalli filinsa na farko shekara 4, ƙafafun juya shi suka lalace a 2013, aka sallame shi a 2018. TESS yakan kalli yanki ɗaya na kimanin kwana 27 ya matsa gaba, abin da bai kai ko zagaye ɗaya na SS Cygni ba. Sabon madubin Rubin da ke ƙasar Cile, wanda ya nuna hotunansa na farko a 2025, an gina shi ne domin abubuwa masu duhu ƙwarai, tauraro mai haske irin SS Cygni ya fi ƙarfin idonsa. Ga kuma WZ Sagittae, wanda ya tunzura a 1913 da 1946 da 1978. Kowa ya lissafa shekara 33, sai ya yi wa mutane ba-zata a 2001, wani mai sha'awa a Japan ya fara gani. Wane shiri ne na shekara uku ko biyar zai kama irin wannan? Saboda haka gardamar ido da inji ba ta dame mu ba. Abin da muke karewa shi ne ɗorewa, ko da ido ko da inji.

Ɗorewa kuwa a ofis ake kashe ta. Ɗakin nazarin taurari na Harvard ya tara hotunan gilashi kusan dubu 500 tun daga shekarun 1880, yana ɗaukar sama gaba ɗaya dare bayan dare. A 1953 shugaban wurin, Donald Menzel, ya dakatar da aikin domin tsimin kuɗi. Ba jahili ba ne, babban masani ne, kuma ko shakka babu yana da hujjojinsa a takarda: ga gilasai jibge ba mai duba su, ga sabbin fannoni suna neman kuɗi. An yi kimanin shekara 15 kafin a koma. Yau an mayar da hotunan nan cikin kwamfuta, duk mai so ya ga tarihin tauraro na shekara ɗari zai gani, amma a tsakiya akwai fili fari, kuma masana sun sa wa filin sunan Menzel. Gini in ya rushe a sake shi, littafi in ya ƙone a nemi kwafi a wani gari. Daren 1958 da ba a ɗauka ba kuwa, duk kuɗin duniya ba zai dawo da shi ba.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wannan ita ce gaɓar da ta shafe mu. Mu ma muna da irin waɗannan rajistoci: ma'aunin ruwan sama da ke bayan ofishin gona, sandar auna tashin kogi, littafin farashin hatsi a kasuwa. Duk ɗaya suke da rajistar tauraro. Mai cika su ƙaramin ma'aikaci ne, ba a kiransa taro, abin da ya rubuta yau kuma ba ya bambanta da na jiya. Ranar da aka ce a rage kashe kuɗi, layinsa ne ido ke fara faɗawa, domin in an soke shi ba wanda zai yi kuka bana. Kukan sai bayan shekara 30, ranar da injiniya zai so ya san iyakar ambaliyar da gada za ta jure, ya buɗe fayil ya tarar da fili fari. Mun fi son yanke ƙyallen buɗe sabon gini bisa ga biyan alawus ɗin mai duba ma'auni, kuma tsarin ba da kuɗin bincike na shekara biyu ko uku yana ƙara mana wannan hali, domin yana tambayar sakamako kafin rajista ta yi tsawon da za ta ce wani abu.

Game da taurarin kansu, ba mu ce a gina mana katafaren ɗakin nazari ba, ga bukatu sun yi mana katutu. Ƙaramin madubi da kyamararsa bai kai kuɗin motar ofis ɗaya ba. SS Cygni in ya tunzura ana ganinsa da tabaran hangen nesa na hannu, AAVSO kuma tana ba da taswira kyauta, tana karɓar rahoto daga kowace ƙasa. Ƙasarmu tana kusa da tsakiyar duniya, muna ganin saman arewa da yawancin na kudu, UU Aquarii ma kusan bisa kanmu yake wucewa. Gaskiya ne hadarin damina da ƙurar hunturu za su ci mana darare da yawa, amma rajistar ta duniya ce, daren da muka samu yana iya zama wanda Turai ta rasa.

Sai dai idan wani sashe na jami'a ko wata ƙungiyar ɗalibai za ta ɗauki wannan aiki, muna da sharaɗi ɗaya, kuma a kansa ba ma sassauci. Ɗalibi shekara 4 yake yi ya tafi. A cikinsu SS Cygni zai tunzura kusan sau 30, U Geminorum kamar sau 14, WZ Sagittae kuwa wataƙila ko sau ɗaya. Saboda haka kada a rubuta rajistar da sunan mutum, a rubuta ta da sunan sashe. A sa ta cikin kayan da shugabanni masu barin gado suke miƙa wa masu shigowa, tare da littafin kuɗi da makullin ofis, a sa hannu a gaban shaidu. A kuma fayyace a rubuce wanda zai riƙe madubin a lokacin dogon hutu da lokacin da aka rufe makaranta.